Mu Ne Masu Masauki, Don Me Ake Shigar Da Mu Ta Ƙofar Baya?

Jawabin da ɗan takararmu ya yi a Umdurman, cikin watan Maris na 2010, ga 'yan'uwa masu aikin otal da gidajen abinci da masu shayi da masu agashe. An buga shi domin a kai wa jama'armu na Gadarif da Kasala da Sinnar da Damazin.

Iyayenmu malamai, sarakunan Hausawa, dattawan unguwanni, iyayenmu mata da matasa, ina gaishe ku, ina kuma yi muku sannu da zama cikin wannan zafi. Na san da yawanku sun baro aiki ne suka zo, wasu ma za a yanke musu kuɗin yinin yau. Allah ya mayar muku da alheri.

Galibinku ba a nan kuka yi rajistar zaɓe ba. Sunayenku suna can gida, a Gadarif, a Kasala, a Mai Wurno, a ƙauyukan bakin kogin Rahad da na Dindir, wasu har Gallabat a kan iyakar Habasha. Amma guminku a nan yake zuba, a Hartum da Bahri da Umdurman, kuma kuɗin da kuke aikawa gida shi ke ɗora tukunya a can. Saboda haka maganar da zan yi ta shafi mai wanke kwanuka a Suk Arabi, ta kuma shafi tsohuwarsa da ke jiran saƙo a ƙauye. Maganar aikin karɓar baƙi ce: otal, lokanda, gidan abinci, teburin shayi, tukubar agashe.

Bari in fara da tambaya. Wa ya fi mu sanin saukar baƙo a ƙasar nan? Tun kafin a yi jirgin sama kakanninmu suke taka wannan hanya zuwa Makka da ƙafa, shekara biyu, shekara biyar, wani ya taso da gashi baƙi ya isa Sawakin da furfura. Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi cikin 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a zuwa gabas, suka zauna a bakin Shuɗin Nilu, garin da har yau yake ɗauke da sunansa. Duk alhajin da ya biyo bayansu, a gidan wa yake sauka? A gidan maigida Bahaushe. Shi zai ba shi ɗaki, ya ajiye masa kuɗinsa amana, ya nema masa aikin tsinkar auduga a Jazira har ya tara guziri, ya yi masa tafinta a gaban hukuma, in ya rasu ya yi masa sutura. Babu takardar shaida, babu tambarin ma'aikata, amma wannan shi ne aikin otal tun kafin a raɗa masa suna. Hannuwan mutanenmu suna cikin waɗanda suka gina madatsar ruwan Sinnar da aka gama a 1925. To jikokin waɗannan mutane ne yau ake ce wa su zaga ta baya, ƙofar gaba ta manya ce.

Ku dubi yadda Hartum ta canja. A da in an ce otal, ana nufin Grand na bakin kogi tun zamanin Ingilishi, ko Acropole na Girkawa da aka buɗe a 1952, ko Hilton a Mugran inda Farin Nilu da Shuɗi suke haɗuwa. Daga 1999 da aka fara sayar da fetur waje, sai kuɗi suka shigo. Aka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya a Janairun 2005, ma'aikatan Majalisar Ɗinkin Duniya da na ƙungiyoyin agaji suka cika gari. A 2006 kaɗai an yi taron shugabannin Afirka a Janairu, an yi na ƙasashen Larabawa a Maris. Salam Rotana ya buɗe a 2007 a kan titin Afirka, Burj al-Fatih da Libiya ta gina, wanda yara ke kira ƙwan Gaddafi, ya buɗe a 2008. Ku da ke nan Umdurman ba ku manta da ranar 18 ga Nuwamban bara ba, da Masar da Aljeriya suka buga ƙwallo a filin Marikh, dubban baƙi suka sauka cikin kwana biyu har wurin kwana ya yi wuya. Wato aiki akwai shi. Kada wani ya ce muku babu.

Abin tambaya shi ne wane aiki ne ke isowa hannun ɗanku. Ku shiga manyan wuraren nan ku ƙirga. Manaja daga waje, shugaban masu girki daga waje, a wurare da yawa har masu kai abinci tebur an ɗauko su daga Masar ko Indiya ko Filifin. Ba ni da faɗa da su, abinci suka zo nema kamar yadda namu suke nema a Jidda. Faɗana da gwamnatin da ta yi kusan shekara ashirin da ɗaya a kan mulki, ta ga ana gina benaye, ba ta taɓa tunanin ta kafa wa yaran Gadarif da Damazin wurin koyon wannan sana'a a garuruwansu ba. Sai yaro ya taso daga ƙauye ya zo nan, a ba shi wanke-wanke, ko ɗaukar shara, ko gadin dare, ko fere albasa a bayan kicin. A ce masa yaumiyya ce, wato kuɗin yini. Ya shekara uku yana yaumiyya. Ran da ya yi zazzaɓi babu kuɗi, ran da ruwan zafi ya zube masa a hannu shi zai sayi maganinsa, ran da maigida ya ga dama ya ce kada ya dawo gobe, shi ke nan.

Me ya sa yake yarda? Saboda abu na farko da babban wuri zai tambaye shi kafin a rubuta sunansa a littafin ma'aikata shi ne jinsiya, takardar zama ɗan ƙasa. A nan ne ƙayar take. Dokar 1957 ta ce sai wanda kakanninsa suke zaune a Sudan tun kafin ƙarshen 1897. Ku lura da shekarar, ta riga Burmi da shekara shida, kamar da mu aka auna ta. Daga baya aka matso da ita 1924, dokar 1994 kuma ta kawo ta 1 ga Janairu 1956. Tsarin mulkin riƙon ƙwarya na 2005 ya ce duk wanda uwarsa ko ubansa ɗan Sudan ne, to ɗan Sudan ne. A takarda magana ta ƙare. Amma je ka ofis ka ce sunanka Garba ɗan Audu daga bakin iyaka, ka ga yadda fuskar jami'i za ta sauya. Kawo baffanka ya yi rantsuwa. Kawo takardar sarki. Kawo takardar haihuwar ubanka, mutumin da aka haifa a bukka a gonar dawa. Dawo bayan sati biyu. Wani da ya zo bayanka, don sunan ƙabilarsa ya yi wa kunne daɗi, ya karɓi tasa kafin azahar. Kuma ba mu manta da 2008 ba, lokacin da jarida ta buga maganar da aka jingina wa shugaban ƙasa cewa Hausawa ba 'yan ƙasa ba ne, mutanenmu suka fito kan titi a Gadarif da Kasala da Bur Sudan. An musanta maganar daga baya. Amma halin da ake nuna mana a tagar ofis har yau ba wanda ya musanta shi.

Mutumin da ba shi da jinsiya ba ya kai ƙara, kuma maigida ya san haka. Shi ya sa nake so ku ji abin da doka ta ce, dokar wannan gwamnati da kanta, Dokar Aiki ta 1997. Ta ce aikin da zai wuce wata uku sai an rubuta yarjejeniya. Ta ce awa takwas a yini, arba'in da takwas a mako, a rage awa guda a watan azumi. Abin da ya haura haka, a biya awa ɗaya da rabi kan kowace awa, ran hutu kuma a biya ninki biyu. Wanda ya cika shekara yana da hutun kwana ashirin da albashinsa. Wanda ya cika shekara uku aka sallame shi, yana da kuɗin sallama. Akwai kuma asusun ta'amin, inda ake cire kashi 8 cikin ɗari daga albashin ma'aikaci, maigida ya ɗora kashi 17, domin tsufa da rauni a wurin aiki. A cikinku wa aka taɓa karanta wa wannan? Wa ya taɓa ganin mai binciken ofishin aiki ya shiga kicin da ƙarfe sha ɗayan dare ya tambayi yaro tun yaushe yake tsaye? Mai karɓar haraji na mahalliya kuwa ba ya ɓatan hanya, ya san ƙofar kowa.

A da akwai ƙungiyoyin ƙwadago masu haƙori a ƙasar nan. Su suka tsaya a Oktoban 1964, su suka tsaya a Afrilun 1985. Da sojoji suka karɓi mulki ranar 30 ga Yunin 1989, cikin abubuwan farko da suka yi har da rushe su. Abin da aka kafa a madadinsu shi ne ƙungiyar da ke haɗa manaja da mai shara a lema ɗaya, tarayyar ma'aikata ta ƙasa kuma shugabanta jigo ne a jam'iyya mai mulki. Kura ce aka ba ajiyar akuya.

Yanzu in juya ga iyayenmu mata da ƙannenmu, don su ne suka fi shan wuya kuma su ake mantawa a irin wannan taro. Duk baƙon da ya zo Hartum, abin da yake komawa yana ba da labari shi ne shayin bakin Nilu da jabana mai citta a ƙarƙashin bishiya. Wa ke dafawa? Matan Darfur, matan duwatsun Nuba, matan Kudu, da namu mata, masu shayi da masu ƙosai da masu gyaɗa da masu godogodo. Mace ta tashi kafin asuba ta hura gawayi, ta biya hayar kujeru, ta biya kuɗin katin lafiya, ta biya na shara. Duk da haka mota ta tsaya, a ce kasha ce, a kwashe murhu da butoci da kofuna a watsa a baya, sai ta biya tara kafin ta gan su, in ma ta gan su. Dokar da ake kira ta tsarin jama'a ta wilayar Hartum, ta 1996, a kan irin waɗannan mata ta fi sauka. A Satumban 2000 gwamnan Hartum na lokacin, marigayi Majzub al-Khalifa, ya fitar da umarnin hana mata aiki a otal da gidajen abinci da gidajen mai. Sai da mata suka tashi, kotun tsarin mulki ta dakatar da shi. An ce don kare mutuncinsu ne. Ni dai a sanina mutuncin bazawara mai marayu biyar yana cikin ta ciyar da su da halal, ba cikin ta tsaya a ofishin 'yan sanda tana roƙon a mayar mata da butarta ba.

Haka masu agashe. Wannan abinci namu ne har sunansa, daga bakinmu Larabci ya are shi. Yau babu unguwar masu kuɗi da ba a cin sa, manyan gidajen abinci sun sa shi a jerin abincinsu da farashin da mai shi na asali ba ya mafarki. Shi kuwa mai tukuba, da ya gaji haɗin ƙuli da yaji daga ubansa, ba shi da rumfa ta dindindin, banki ba ya kallonsa, kowace sabuwar hukuma ta zo sai ta tashe shi. Mutanen Ishash Fallata sun san ma'anar tashi, su da aka kwashe daga tsakiyar Hartum aka kai Inƙaz. Kifin da ake soyawa a Maurada da safe kuma, ku tambayi masuntan da suka kwana a ruwa da wane harshe suke magana.

Za a ce mini ai masu yawon buɗe ido ba su da yawa, da me za a ɗauki ma'aikata? Gaskiya ne ba su da yawa. To wa ya kore su? Ƙasar da take da dalar Bajarawiya, tafiyar awa uku daga nan, waɗanda yawansu da na sauran wuraren arewa ya fi na Masar. Ƙasar da take da Jabal Barkal, da hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2003. A nan Umdurman ga ƙubbar Mahadi, ga gidan Halifa Abdullahi, ga zikirin Hamad al-Nil kowace Juma'a da yamma, ga kasuwar da ba ta da ta biyu a ƙasar. Amma baƙo ya sha wuya kafin ya sami biza. In ya sauka, sai ya yi rajista da 'yan sanda cikin kwana uku ya biya kuɗi. In zai ɗauki hoto sai da takardar izini. In zai je Kasala ko Dindir sai da wata takardar, ya yi ta kwafe-kwafe yana miƙawa a kowane shinge. Katin bankinsa ba ya aiki, saboda takunkumin da Amurka ta sa tun 1997, sai ya ɗauro kuɗi a ƙugu kamar fatake. Ga yaƙin Darfur da ya ɓata sunan ƙasar a ko'ina. Mutum yana da kuɗinsa da hutun mako biyu, don me zai zaɓi wahala? Sai ya wuce Habasha ko Kenya. Kowane baƙo da ya juya, abincin direba ne ya tafi, da na mai wanki, da na mai girki, da na mai shayi.

Ku mutanen iyaka, ku ya kamata wannan ya fi yi wa zafi, don arzikin a ƙofarku yake. Gandun dajin Dindir tun 1935 aka keɓe shi, yana cikin manya a wannan yanki na Afirka, ƙauyukanmu na kewaye da shi. Abin da mutanenmu suka sani game da shi shi ne kamu da tara in saniya ta ƙetare ko yaro ya shiga neman zuma. Alhali yaron nan ya san sawun kowace dabba da kowane tafki, shi ya dace a ɗauka jagora da albashi. Kasala kuwa amare da angwaye daga ko'ina a Sudan can suke zuwa, su hau Totil su sha ruwan rijiya, su ga duwatsun Taka, su ziyarci masallacin Khatmiyya. Turawan da ke ratsa Afirka da mota ko keke daga Alƙahira, ta Wadi Halfa suke shigowa, ta Gadarif da Gallabat suke fita zuwa Matamma. Ta gaban gidajenku suke wucewa, ba su sami wurin kirki da za su kwana su bar kuɗi ba.

Akwai ma wasu baƙin da ba a lissafa su, kuma su ne namu. Ɗaliban Nijeriya da Nijar da ke Jami'ar Afirka a Hartum, iyayensu da ke zuwa dubiya, 'yan kasuwa, marasa lafiya, masu umara da ke hawa jirgin ruwa a Sawakin, fasinjan jirgin da ke tasowa daga Kano. Waɗannan duka Hausa suke ji. Yaronmu da ke da Hausa da Larabci a baki ɗaya, a teburin karɓar baƙi ya kamata ya zauna. Harshen da ake yi masa gori da shi a ofishin jinsiya, jari ne.

Ina gaya muku wannan yanzu ne saboda lokaci ya ƙure. A Janairu mai zuwa 'yan Kudu za su kaɗa ƙuri'ar raba gardama. Mafi yawan fetur a ƙasarsu yake. In suka tafi, kuɗin da ya gina benayen nan zai ragu, ma'aikatan ƙungiyoyin waje da ke cika ɗakuna za su bi su Juba. Ran da otal ya fara rage mutane, wa kuke jin za a fara sallama? Wanda ba shi da takarda, ba shi da yarjejeniya, ba shi da ƙungiya. Tun ran gini ake zane.

Ga abin da jam'iyyarmu ta ɗauka a kanta, kuma ku riƙe wannan takarda ku tuhume mu da ita. Jinsiya za ta bi mutum har ƙauyensa: tawagar ofis ta sauka a Rahad da Dindir da Gallabat, sharaɗi ɗaya ga kowa, ba tare da an tambayi ƙabila ba. Duk wurin da ke da lasisin otal ko gidan abinci, ba za a sabunta masa ba sai ya nuna yarjejeniyar ma'aikatansa da rasiɗin ta'amin, wanda ya wuce wata uku kuma ya daina zama ɗan yaumiyya. Za mu kai wa majalisa ƙudurin mayar wa ma'aikata 'yancin kafa ƙungiyarsu su zaɓi shugabanninsu. Kasha a kan masu shayi da masu abinci za ta tsaya. Lasisi ɗaya, kuɗi ɗaya sananne, wuri sananne, kuma ba mai taɓa kayan sana'ar mace. Muna son a buɗe sashen koyon girki da hidimar baƙi da jagoranci a cibiyoyin koyon sana'a na Gadarif da Kasala da Damazin, a kuma wajabta wa manyan otal su ɗauki almajiran sana'a daga can, kowane ƙwararre da aka kawo daga waje ya koyar da ɗan ƙasa kafin izininsa ya ƙare. Takardar hoto da takardar tafiya a cikin ƙasa, a wuraren da babu yaƙi, a soke su. Daga abin da Dindir ke samu kuma a ware kaso ga ƙauyukan da ke kewaye, a fara ɗaukar 'ya'yansu aiki. Takunkumin Amurka ba a majalisar wilaya ake cire shi ba, kuma ba zan yi muku alkawarin ranar cire shi ba. Amma sauran duk da alƙalami ake yin su a nan gida.

Na san za a zo muku da buhun sukari da alkawarin rijiya, a kuma raɗa wa sarakunanmu cewa duk wanda bai bi bishiya ba za a sake duba takardunsa. Ku ji da kyau: a bayan labule ba mai ganin hannunka. Wannan ne zaɓen jam'iyyu da yawa na farko tun 1986, akwai waɗanda ke zaune a nan da ba a haife su ba a lokacin.

Za a fara kaɗa ƙuri'a ranar Lahadi 11 ga Afrilu. A inda ka yi rajista a can za ka jefa, saboda haka mai aiki a nan ya nemi izinin maigidansa tun yanzu, ku haɗa kuɗin mota ƙungiya-ƙungiya. Ku tafi da takardar rajista da abin shaida, wanda ba shi da jinsiya ya nemi takardar shaidar zama daga kwamitin unguwarsu. Takardu takwas za a miƙa maka: ta shugaban ƙasa, ta gwamna, uku na majalisar ƙasa, uku na majalisar wilaya. Kada yawansu ya ruɗa ku. Alamarmu tana bayan wannan takarda, ku nuna wa tsofaffi da waɗanda ba su karatu tun a gida, su ga siffarta sau biyu sau uku. Matasa masu ilimi kuma muna neman wakilai da za su zauna a rumfunan zaɓe har a gama ƙirga, ku ba da sunayenku ga wakilinmu na unguwa kafin ku watse.